Littattafan gina kai da masu shakkar kansu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida domin in tofa albarkacin bakina a kan littattafan nan na gina kai, waɗanda suka yawaita a hannun matasa da manya, wasu a takarda wasu a cikin waya, da kuma tambayar da ake yawan yi game da su: shin karanta su yana iya raba mutum da shakkar da yake yi wa kansa, har ya fito da baiwar da Allah ya ba shi? Na ji masu cewa romon baka ne kawai ake sayar wa jama'a, na kuma ji masu rantsuwa cewa littafi guda ya sauya musu rayuwa. Ra'ayina shi ne littafin da ya cancanci lokacin mutum shi ne wanda zai sa ya rufe shi, ya tashi ya gwada wani aikin da yake tsoro. Wanda kuwa bai kai mai karatu ga haka ba, komai daɗin maganarsa, bai taɓa ciwon ba.

Ya kamata a fara da fahimtar ciwon kansa, domin da yawa suna ɗaukar sa lalaci ne ko rashin himma, alhali sau da yawa masu fama da shi su ne suka fi kowa ƙoƙari. Mutum ne zai zauna a taro, a yi tambaya, amsar tana bakinsa, ya tsara ta a zuci, ƙirjinsa ya shiga dukan uku-uku, ya ce bari wani ya fara, har wani ya faɗi abin da bai kai nasa ba a tafa masa, shi kuma ya koma gida yana cizon yatsa. Ɗaliba ce za ta cike takardar neman gurbin karatu, ta duba, ta gyara, ta sake dubawa, ranar rufe karɓa ta zo ta wuce takardar tana cikin jaka, idan an tambaye ta sai ta ce ai dama ba irinta ake ɗauka ba. Babu wanda ya ƙi ta, ita ce ta yanke wa kanta hukunci tun kafin kowa ya ga rubutunta. Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake yawan yaba wa irin wannan hali a ce tawali'u ne. Mai tawali'u ya san abin da ya iya, yana yin sa, fahariya ce kawai ba ya yi. Mai shakkar kansa kuwa musun abin da ya iya yake yi, kuma asarar ba ta tsaya a kansa ba, domin iyalinsa da wurin aikinsa da al'umma duk sun rasa abin da da ya kawo.

A shekarar 1978 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Pauline Clance da Suzanne Imes, sun wallafa abin da suka gano bayan aiki da mata fiye da 150 waɗanda suka yi fice a karatu da sana'a, cikinsu har da masu digirin digirgir. Sun tarar cewa duk da takardun shaida da lambobin yabo, matan nan suna ganin nasararsu sa'a ce ko kuskuren masu zaɓe, kuma suna zaune cikin fargabar ranar da asirinsu zai tonu a gane ba su san komai ba. Binciken da ya biyo baya ya nuna maza ma ba su tsira ba. A nan ne amfanin farko na karatu yake fitowa, kuma ban raina shi ba. Wanda ya daɗe yana zaton shi kaɗai ne mai wannan rauni, ranar da ya ci karo da shafin da ya siffanta abin da ke ransa daki-daki, ya kuma gane cewa malamai da likitoci da shugabanni sun sha fama da shi, wani nauyi yakan sauka daga ƙirjinsa. Ya daina kallon abin a matsayin shaidar cewa shi ba kowa ba ne, ya koma kallon sa a matsayin wani hali da aka sani, aka yi nazari a kansa, kuma akwai hanyoyin magance shi.

Amfani na biyu shi ne littafi nagari yana koya wa mutum ya tuhumi tunaninsa. Aaron Beck, likitan ƙwaƙwalwa a Jami'ar Pennsylvania, ya lura a shekarun 1960 cewa marasa lafiyarsa masu ciwon damuwa suna da wasu tunane-tunane da ke faɗo musu a rai cikin ƙiftawar ido, su karɓe su a matsayin gaskiya ba tare da sun tantance ba, irin su ba zan taɓa iyawa ba, ko kowa ya ga wautata, ko tunda na faɗi sau ɗaya to ni kenan. Hanyar magani da ya gina a kan wannan lura ita ce tushen mafi ingancin littattafan da muke magana a kansu, kuma aikin da suke bayarwa mai sauƙin fahimta ne. Mutum zai ɗauki takarda ya raba ta gida uku. A gida na farko ya rubuta tunanin yadda ya zo masa, misali cewa idan ya tsaya gaban mutane zai yi magana harshensa zai sarƙe a yi masa dariya. A na biyu ya rubuta hujjojin da ke goyon bayan tunanin, a na uku kuma waɗanda ke ƙaryata shi: sau nawa ya yi magana aka saurare shi, sau nawa ya ga wani ya yi tuntuɓen harshe a taro babu wanda ya tuna da shi washegari. Abin mamaki shi ne tunanin da yake da girma a cikin kai yakan ƙanƙance idan aka gan shi da tawada a kan takarda, domin a lokacin ne mutum yake iya tambayar sa abin da zai tambayi wani da ya zo masa da irin wannan zargi a kan ɗan'uwansa, wato ina hujjarka.

Duk da haka, wanda ya fi gamsar da ni a wannan fage shi ne Albert Bandura na Jami'ar Stanford, wanda a 1977 ya bayyana inda yardar mutum da iyawarsa take samo asali. Ya ambaci mafari huɗu: abin da mutum ya yi da hannunsa ya ga ya yi nasara, ganin wani irinsa ya yi, ƙarfafa gwiwa da baki, da kuma yadda yake fassara halin da jikinsa ke shiga kamar bugun zuciya da gumin tafin hannu. Ya nuna cewa na farko ya fi sauran ƙarfi nesa ba kusa ba, maganar baki kuma tana cikin masu rauni, domin faɗuwa ɗaya tana iya shafe ta. Bai faɗi wannan da ka ba, ya gwada shi a kan mutanen da tsoron maciji ya hana su sakat. Ba ya ce musu su jarumai ne. Sai a sa mutum ya tsaya daga nesa yana kallon wani yana riƙe da maciji marar dafi, daga nan ya matso kusa da kejin, sannan ya taɓa shi da safar hannu, sannan da hannu tsirara, mataki bayan mataki, ba a matsa masa zuwa na gaba sai ya natsu da na baya, har a kai ga macijin yana tafiya a kan cinyarsa. Da yawa daga cikinsu sun rabu da tsoron da suka shekara da shekaru suna ɗauke da shi, wasu kuma suka ba da labarin cewa ƙarfin zuciyar da suka samu ya bi su zuwa wasu ɓangarorin rayuwarsu da ba ruwansu da maciji.

Idan aka ɗora littattafan gina kai a kan wannan ma'auni, za a ga cewa karatu tsagwaronsa yana ba mu biyu ne daga cikin huɗun, wato labarin wasu da suka yi, da kuma maganar ƙarfafawa. Mafi ƙarfin ba ya cikin littafi ko kaɗan, yana wajen aikin da mai karatu zai yi bayan ya rufe shi. Shi ya sa wanda yake tsoron magana a bainar jama'a ba zai warke da haddace babi goma a kan jarumta ba, sai ya yi tambaya guda a ƙaramin zama na mutum biyar, ya ga sama ba ta faɗo ba, mako mai zuwa ya ƙara da ba da ra'ayi, a hankali har ya kai ga tsayawa gaban ɗari. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma mutum ma ba ya sanin kansa sai ta wannan hanya.

Yanzu bari in taɓa ɓangaren da masu suka suke da gaskiya, domin akwai littattafan da ke cutarwa, kuma su ne suka fi saurin sayuwa. Akwai masu umartar mai karatu ya tsaya gaban madubi kowace safiya yana yi wa kansa kirari. A 2009 Joanne Wood da abokan aikinta a Jami'ar Waterloo da ke Kanada sun sa mutane su riƙa maimaita cewa su abin ƙauna ne, sai aka tarar waɗanda dama suka yarda da kansu sun ɗan ji daɗi, amma masu raina kansu, waɗanda domin su aka tsara dabarar, halinsu ya ƙara muni. Dalilin bai da wuyar ganewa: idan ka faɗa wa zuciyarka abin da ya yi nisa da abin da ta gaskata, sai ta tashi da jayayya ta jero maka duk hujjojin da ke nuna akasinsa. Akwai kuma masu cewa mutum ya rufe ido ya riƙa hango kansa ya riga ya samu abin da yake so, wai tunanin kaɗai zai jawo masa shi. Gabriele Oettingen, Bajamushiya da ke koyarwa a Jami'ar New York, ta shafe shekaru tana bin diddigin wannan. A wani bincike da ta wallafa a 2002 tare da Doris Mayer, ɗaliban da suka fi nutsewa cikin mafarkin samun aiki mai kyau su ne suka fi ƙarancin aika takardun nema, kuma bayan shekara biyu sun samu tayin aiki kaɗan da albashi ƙasa da na sauran. Mafarkin ya ba su daɗin isowa tun ba su kama hanya ba, sai himmar ta yi sanyi. Shawarar da ta bayar ita ce mutum ya hango burinsa, nan take kuma ya hango abin da ke cikin halinsa wanda zai tare masa hanya, ya tanadi yadda zai yi da shi.

Akwai wani tarko da ban cika jin ana magana a kansa ba, shi ne karatun kansa ya zama maɓoya. Mai shakkar kansa ƙwararre ne wajen neman dalilin jinkiri mai kama da hankali, kuma babu dalilin da ya kai cewa ina shiri tukuna. Sai ya gama wannan littafi ya ɗauki wancan, ya ja layi a ƙarƙashin jimloli, ya tura wa abokai, yana jin kamar yana ci gaba, alhali wayar da ya kamata ya buga bai buga ba, sana'ar da ya kamata ya fara koyo bai je ba. Misalinsa kamar marar lafiya ne da ya tara takardun magani daga likitoci daban-daban, ya san sunan kowane magani, amma bai haɗiyi ƙwaya ko ɗaya ba. A ganina littafi ɗaya da aka yi watanni ana aiki da shi ya fi ashirin da aka karance a jere.

Hanyar da nake ba da shawara a kanta ita ce duk wanda ya gama babi kada ya wuce zuwa na gaba sai ya rubuta aiki guda ƙarami da zai yi, tare da lokacinsa da wurinsa. Peter Gollwitzer, wani masani Bajamushe, ya nuna bambancin da ke tsakanin niyya sakaka da niyyar da aka ɗaure da lokaci. A wani gwaji da aka wallafa a 1997 an nemi ɗalibai su rubuta wani rahoto a lokacin hutu, aka sa rabinsu su ƙayyade tun da wuri a ina kuma yaushe za su zauna su rubuta, sai waɗanda suka cika alkawari a cikinsu suka ninka na ɗaya rukunin fiye da sau biyu. Don haka maimakon mutum ya ce zan riƙa yarda da kaina, wanda magana ce da ba a iya auna ta, gara ya ce ranar Litinin da zarar an buɗe taro aka nemi ra'ayi, ni zan fara ɗaga hannu. Ya kuma riƙa rubuta abin da ya faru, domin mai shakka yana da saurin manta nasararsa da daɗewar tuna faɗuwarsa, kuma wannan rubutun shi ne zai zame masa hujja ranar da tsohon tunanin ya dawo.

Ina so iyaye da malamai su ma su san cewa maganar ta shafe su, domin shakkar nan ba da ita ake haihuwar mutum ba. A 1998 Claudia Mueller da Carol Dweck sun ba yara 'yan aji biyar na firamare wasu tambayoyi, suka yaba wa wasu da cewa suna da basira, wasu kuma da cewa sun yi ƙoƙari. Waɗanda aka yaba wa basirarsu sun fi gudun aiki mai wuya, da suka gamu da faɗuwa kuma sai suka karaya, aikinsu ya ja baya, wasunsu har suka ƙara wa makinsu da ƙarya. Yaron da aka sa wa rai cewa darajarsa tana cikin zama mai kaifin ƙwaƙwalwa, kowace jarrabawa takan zame masa barazana. To ina ga yaron da kullum ake kira daƙiƙi? Sai dai adalci ya sa in ƙara da cewa wannan fahimta ba sihiri ba ce. Wani babban bincike da aka wallafa a 2019, wanda ya ƙunshi ɗaliban sakandare fiye da 12,000 a Amurka, ya nuna cewa koya wa yara cewa basira tana ƙaruwa da ƙoƙari ya ɗaga makin masu rauni, amma ɗagawa ce 'yar kaɗan, kuma ta fi tasiri a makarantun da yanayinsu ya ba da dama. Duk marubucin da ya ɗauki irin wannan sakamako ya mayar da shi alkawarin sauya rayuwa cikin mako guda ya yi wa ilimi ƙarya.

Wannan ya kawo ni ga zaluncin da wasu littattafan ke yi ba tare da sun sani ba, inda suke cewa duk abin da ya samu mutum tunaninsa ne ya jawo masa. Akwai talauci, akwai rashin lafiya, akwai rashin makaranta ta gari, akwai ƙofofin da ake rufewa saboda son kai, kuma babu yawan yarda da kai da zai sa waɗannan su ɓace. Wanda aka gaya wa cewa komai yana hannunsa, ranar da ya yi iyakar ƙoƙarinsa abin bai yiwu ba, sai ya ƙara tsanar kansa, littafin da ya saya domin magani ya zame masa ƙarin ciwo. Abin da karatu nagari zai yi shi ne ya taimaka wa mutum ya rarrabe shingen da ke waje da wanda shi ya gina a cikin kansa, ya rushe na biyu domin ya samu ƙarfin fuskantar na farko. Haka kuma cika burin baiwa ba yana nufin kowa ya zama attajiri ko shahararre ba. Malamar da ta daina tsoron gwada sabuwar hanyar koyarwa, da magidancin da ya koma makaranta bayan ya yi furfura, da matashin da ya kammala koyon sana'ar da ya sha farawa yana bari, duk sun kai inda ake magana.

Akwai kuma iyakar da littafi ba ya wucewa. Idan raina kai ya haɗu da rashin barci, da ƙin abinci, da janyewa daga mutane, da jin cewa rayuwa ba ta da amfani, har abin ya ɗauki makonni, to wannan ciwo ne da ke buƙatar likita, kuma babu abin kunya a neman sa. A Ingila tun 2013 akwai wani shiri da likitoci ke tura marasa lafiya ɗakunan karatu na jama'a su karɓi littattafai daga jerin da ƙwararru suka tantance, bayan maƙwabciyarta Wales ta riga ta fara irinsa. Abin lura a shirin shi ne ba kowane littafi ake sa wa a jerin ba.

Saboda haka, ya Edita, ina da roƙo guda biyu. Na farko, jaridar nan ta ware shafi ko da sau ɗaya ne a wata domin sharhin irin waɗannan littattafai, a gayyato masana halayyar ɗan Adam da likitoci da malamai su duba wa masu karatu ko abin da marubuci ya faɗa yana da tushe a bincike, ko yana ba da aikin da za a iya gwadawa, ko kuma alkawura ne kawai. Na biyu, ina kira ga marubutanmu da masananmu su rubuta irin waɗannan littattafai da Hausa kai tsaye, da harshen da mai karatu yake tunani da shi, domin maganar da mutum yake yi wa kansa cikin dare da harshen uwa yake yin ta, kuma da shi ya fi dacewa a koya masa yadda zai amsa mata. Idan aka buɗe wannan shafi, zai yi kyau a riƙa buga wasiƙun waɗanda suka gwada shawarwarin, waɗanda abin ya yi musu aiki da waɗanda bai yi musu ba.

Na gode da wannan dama.

Naka,
Wani mai karatu